Mai Ƙirga Tsuntsaye a Kurmin Dabo

Dabo ba ya ƙin baƙo, amma baƙon da ya zo da littafi a aljihu, wannan kam sai ya dube shi sau biyu. A shekarar Udoji, lokacin da ma'aikata suka samu ƙarin albashi suka cika hanyar Birnin Kudu da sababbin babura, irin wannan baƙon ne ya sauka a kurmin da ke bayan Basirka, inda Dabo ya rataye amyoyinsa ashirin da uku.

Amyoyin nan su ne abin da Dabo ya mallaka a duniya, in ka ɗebe wata 'yar gonar jigawa da hatsinta ba ya kai su damina. Shi yake saƙa su da ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara da wani haɗin sassaƙe da ubansa ya koya masa, wanda ko matarsa Batulu bai taɓa gaya wa ba. Sannan ya hau ɗorawa da kanya ya ɗaure su a tsakanin rassa, ya jira ƙudan zuma su ga dama. Bana sun ga dama. Ɗorawa ta yi fure har ta gaji, kowace amya ta yi nauyi, saura mako uku ko huɗu a yi ɗiba. Mutum ne mai ƙarancin fara'a, amma in ya tsaya a gindin itace yana sauraron gunjin ƙuda, sai ka ga bakinsa yana motsi shi kaɗai.

Ranar wata Asabar a farkon bazara, ya idar da sallar asuba ya nufi kurmi kamar kullum, sai ya ga babur a jingine da tsamiya. Ya ƙara gaba, ya ga an kafa gorori biyu a cikin kyauron bakin rafi, an shimfiɗa wata raga a tsakaninsu, siririya har ido ba ya ganinta sai an matsa. Kusa da ragar ga wani saurayi da dogon wando, da wani baƙin abu mai idanu biyu a rataye a wuyansa.

Dabo ya laɓe a bayan giyayya yana kallo. Mutumin ya zare wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa daga ragar, wanda bai kai babban yatsa biyu ba. Ya sa shi a jakar ƙyalle, ya rataya a wani ɗan ma'auni, ya duba. Ya fito da shi, ya kifa shi a tafin hannu, ya hura masa iska a ciki. Ya ɗauko wani ɗan zoben ƙarfe ya matse masa a ƙafa. Ya yi rubutu a littafi. Sannan ya buɗe hannu, tsuntsu ya tashi.

Abin da ya tayar wa Dabo da hankali ke nan. Da soyawa zai yi, da ya gane. Amma namiji baligi ya taso da asuba, ya ƙona fetur, ya kama tsuntsu ya sake shi? Ruwa ba ya tsami banza.

Ya yi gyaran murya ya fito.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba. Ina kwana?" Saurayin ya russuna, abin wuyansa yana lilo. "Sunana Abdulsalami, ina koyarwa a Birnin Kudu. Kai ne mai amyoyin nan?"

"An ce ni ne. Me tsuntsayen suka yi maka, Malam?"

Malam Abdulsalami ya yi dariya, ya shiga bayani kamar wanda aka sosa wa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce waɗannan 'yan tsuntsayen baƙi ne. Da sanyi suke zuwa daga ƙasar Turawa, yanzu kuma suna kan hanyar komawa. Suna yada zango a kyauro irin wannan, su ci ƙwari su yi ƙiba, sannan su ƙetare hamada. Hurawar da yake yi, gashin ciki yake buɗewa ya ga yawan kitsen. Zoben kuwa lamba ce a jiki, don in wani ya kama shi a can a san ta nan ya bi. Wani Bature da ya koyar da shi ne ya bar masa ragar da madubin hangen nesa da zai koma gida.

Dabo ya dubi wani tsuntsun da ke maƙale a ragar, ya dubi Malamin. Wannan abin da ko Gwaram ba zai kai ba sai ya huta sau goma, shi ne zai je ƙasar Turawa? Ya bar shi ya gama. In mutum ya shirya ƙaryarsa tun daga gida, ba a tare shi a tsakiya.

"To rubutun fa?"

"Ƙirga su nake, Baba. Kowane iri, nawa na gani, a ina. In lokacin wucewarsu ya ƙare sai in aika."

"Ka aika ina?"

"Zariya. Daga can su haɗa da na wasu."

Dabo ya taɓa jin wannan magana. Shekara uku da suka wuce, a wani kurmi wajen Kangire inda wansa Hambali yake da amyoyi, wasu mutane sun zo a mota da irin wannan madubi. Su ma masu ladabi ne, har fura suka sha a gidan Hambali. Suka yi kwana biyu suna kallon inda jan baki ke kwana, tsuntsayen nan masu cinye gero, suna rubutu, suka ce za su aika. Bayan kwana goma jirgi ya zo ƙasa-ƙasa ya yi feshi. Jan baki sun mutu, ba a musu. Amma balbelu ma sun mutu, kifi ya taso saman ruwa ciki a sama, ƙudan zuma suka zube a gindin itatuwa. Da Dabo ya je jaje, ya tarar da wansa yana share su da tsintsiya yana tarawa a ƙwarya, bai ma san abin da zai yi da su ba. Hambali yanzu dako yake yi a Kano.

"Nan babu jan baki," in ji Dabo.

"Na sani, Baba. Ni ba ruwana da jan baki, ba ruwana da masu feshi. Waɗannan ko ƙwayar gero ba sa taɓawa." Malamin ya ɗaga kai ya dubi itatuwa. "Kai, amma ka yi ƙoƙari. Amya nawa ce haka?"

"Ban ƙirga ba."

Ya ƙirga mana. Kullum sai ya ƙirga, safe da yamma.

Da hantsi ya je wurin mai gari. Mai gari ya ce ai yaron ya zo ya yi gaisuwa, ya kuma nuna takarda mai hatimi daga Gwaram, saboda haka a bar shi. Dabo ya fito ransa ya ƙara ɓaci. Takarda mai hatimi! Mai kallon tsuntsu don nishaɗi me zai yi da hatimi?

A hanya ya gamu da Maikano, makiyayin da ke shayar da shanunsa a rafin, abokin wasansa tun suna samari. Maikano ya jingina da sandarsa ya saurara har ƙarshe. Shi ma maruƙansa biyu sun mutu a shekarar feshin Kangire, kuma bai manta ba.

"Aradu biri ya yi kama da mutum," in ji Maikano. "Baburin nan sabo ne?"

"Ko ledar kujera ba a cire ba."

"To wa ya saya masa? Tsuntsaye? Dabo, kai da ni mun san jan baki, mun san wanda ba jan baki ba. Amma wanda ke zaune a ofis a Zariya fa? Shi dai zai ga an rubuta tsuntsu ɗari biyar a bayan Basirka, ya ce a tayar da jirgi. Ni gobe zan kora shanuna Kwandiko. Kai kuwa sai ka kora naka shanun masu fiffike in ka iya."

Dabo bai yi dariya ba. Amya cike da zuma ba a sauke ta a ɗauka kamar tulu, kuma ko an iya, ina za a kai ashirin da uku? In ya yi ɗiba yanzu, ɗanyar zuma zai samu, ruwa-ruwa, wadda za ta yi tsami kafin ta kai kasuwa. Abu ɗaya ya rage: littafin nan kada ya nuna akwai tsuntsu a kurminsa.

Batulu ce kaɗai ba ta yarda ba. Tana tankaɗe ta ce, "Maigida, ka ce ka gan shi ya sha ruwan rafin da hannunsa?"

"Masu madubin da suka je Kangire ma sun sha fura."

"Ka ce yana yi wa tsuntsun magana kafin ya sake shi?"

"Mahauci ma yana shafa bayan rago."

"To Allah ya kyauta. Ni dai na san akwai masu tabon hankali iri-iri, kuma ba duka ne mugaye ba. Kai ma ai da ƙuda kake hira."

Ya yi kamar bai ji ba.

Asabar ta biyu ya tari Malamin da labarin macizai. Ya ce kyauron nan gidan kububuwa ne, bara ma ta kashe jaki. Malam Abdulsalami ya yi godiya sosai, Asabar ta gaba ya zo da takalmin roba har gwiwa. Dabo ya ce masa ai tsuntsayen nan sun fi yawa a can gaba, tafiyar rabin yini. Malamin ya rubuta sunan wurin, ya ce in sha Allahu baɗi. Duk abin da ka faɗa masa sai ya shiga littafin nan.

Sai Dabo ya koma ga abin da ya sani. Ya ja igiyoyi a cikin kyauro ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, kamar yadda ake tsaron dawa. Ya kafa mutum-mutumi biyu da tsofaffin rigunansa. Ya wuni yana jan igiya yana ihu, dattijo da furfurarsa, ga rana ta bazara. Tsuntsayen ko a jikinsu. Ba irin jan baki ba ne da ke tashi garke guda. Kowane sai ya nutse cikin ciyawa ya yi shiru, in ƙara ta lafa ya ci gaba da ɗan kukansa mai kama da ana goga ƙarfe. Wani ma a kan mutum-mutumin ya sauka yana tsince ƙwari daga wuyan rigar.

Malamin ya ga gwangwanayen, kuma ba wawa ba ne. Ya zauna kusa da Dabo a kan saiwar ɗorawa ya ce, "Baba, na san abin da ya faru a Kangire. Wallahi ba aikina ba ne. Karɓi ka duba da kanka."

Ya miƙa masa madubin. Dabo ya karɓa da ƙyar, ya ɗora a ido. Da farko duhu ya gani, sai kore, sai kwatsam ga tsuntsu a gabansa kamar ya miƙa hannu ya kama. Ya ga farin layi a saman idonsa kamar an ja masa da alli. Ya ga maƙogwaronsa yana rawa, ya ga ɗan ƙafarsa ya riƙe karan kyauro a karkace. Shekara hamsin yana wuce su bai taɓa sanin suna da gira ba. Abin ya ba shi sha'awa, kuma sha'awar ce ta ƙara tsorata shi. Ya juya madubin sama, sai ga bakin amyarsa, ƙuda suna shiga suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ashe mai wannan abu babu abin da zai ɓoye masa.

Ya mayar da sauri.

"Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe," in ji Malamin. "Bana sun yi yawa, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ita ce ƙirgar da ta fi muhimmanci, daga ita sai in rufe in aika. Af, Baba, yaushe za ka yi ɗiba?"

"Sai yadda Allah ya yi."

Yaushe za ka yi ɗiba! Dabo ya wuni yana juya tambayar. Wato yana so ya san ko za a riga jirgi ko jirgi zai riga.

Ranar Talata ya wasa lauje da fartanya. Bai gaya wa Batulu ba, don ya san abin da za ta ce. In babu kyauro babu tsuntsu, in babu tsuntsu babu abin rubutawa. Ƙona kyauro ba baƙon abu ba ne, makiyaya suna yi don sabon tsiro, sai dai da sanyi ake yi, ba yanzu da komai ya bushe ƙayau ba. Dabo ya san wannan. Ya kuma san hayaƙi da zuma ba sa ga maciji. Saboda haka bai yi gaggawa ba. Kwana biyu ya yi yana share fili tsakanin kyauro da itatuwansa, faɗin taku goma, har ƙasa ta fito fes. Ranar Alhamis da safe ya ɗebi ƙura ya watsa sama sau uku, ya ga iska tana tafiya da ita yamma, wajen rafi, nesa da amyoyi. Ya yi bisimilla ya ƙyasta ashana.

Da farko komai ya tafi yadda ya tsara. Wuta ta bi kyauro tana ƙara kamar ana soya gyaɗa, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa. Shirwa suka taru a sama suna cafkar fara. 'Yan tsuntsayen suna fitowa ɗaya-ɗaya, wasu su ƙetare rafi, wasu su yi ta kewaya ba su san inda za su ba. Ya kawar da kai. Ya ce a ransa, ku tafi ƙasar Turawan taku.

Rana ta ɗaga, iska ta tsaya cak. Dabo ya ji tsayuwarta a bayan wuyansa. Iskar bazara ba ta da alƙawari, yau gabas gobe kudu, kuma shi ya fi kowa sani. Sai ga guguwa ta taso daga cikin tokar, 'yar ƙarama, irin wadda ake yi wa a'uziyya a wuce. Ta kwashi ganyen kyauro masu ci da wuta ta yi sama da su, ta tsallake filin da ya yi kwana biyu yana sharewa kamar babu shi, ta watsa a kan ɗorawa.

Amya ciyawa ce da busasshen kashin shanu, cikinta kuma kakin zuma. Ta farko ta kama kamar an zuba mata kananzir.

Ya karyo ɗanyen reshe ya ruga. Ya hau itace yana duka, ƙudansa na kansa suka rufe shi, suka harbe shi a fuska da wuya da hannu, bai ma ji ba. Yana kashe wannan waccan tana kamawa. Zuma ta narke tana bin jikin itace tana ɗiga a kan wuta, kurmi ya cika da wani ƙamshi mai daɗi da ba zai ƙara son ji ba har ya mutu. Mutanen gari suka hango hayaƙi suka zo da tuluna da rassa. Kafin azahar an kashe wutar. Amya tara sun ƙone ƙurmus. Sauran sha huɗun wuta ba ta taɓa su ba, amma hayaƙi ya yi aikinsa. Dabo yana tsaye, ido a kumbure, ya ga ƙudan suna fitowa dunƙule-dunƙule, suna haɗuwa a sama, suna yin kudu.

Aka yi ta tambaya wa ya sa wuta. Wani ya ce ai tun da baƙon nan mai madubi ya fara zuwa ya san za a rina. Dabo ya ji, kuma da ya yi shiru da maganar ta zauna. Ya buɗe kumburarren bakinsa ya ce, "Ni ne."

Batulu ta shafa masa toka da man shanu a fuska. Ba ta ce ai na faɗa ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar ya riga Malamin zuwa. Ya zauna a kan saiwar ɗorawa, inda babu gunjin komai. Ya ji ƙarar babur, ya ji ta mutu. Malam Abdulsalami ya taho da gororinsa a kafaɗa, ya zo bakin inda kyauro yake a da, ya tsaya. Baƙar ƙasa ce har bakin ruwa, sai gwangwanaye a warwatse. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan zoben ƙarfe a cikin toka, ya duba, ya sa a aljihu. Da ya juyo, Dabo ya ga idanunsa sun yi ja.

"Baba, sannu. Ashe abin da ya faru ke nan? Garin yaya?"

"Ni na sa."

Malamin ya dubi fuskarsa, ya dubi itatuwa, ya dubi filin da aka share. Bai tambayi dalili ba. Ya sauke gororin, ya zauna a ƙasa, ya buɗe jakarsa zai ciro littafi, sai wata kwalba ta gangaro ta tsaya a ƙafar Dabo. Farar kwalba ce, an wanke ta tas, an toshe bakin da totuwar masara.

"Ta mece ce?"

"Mahaifiyata ce ke fama da tari," in ji Malamin a hankali. "Na gaya mata na samu inda ake zuma ta gaskiya. Shi ya sa na tambaye ka ɗiba."

Dabo ya ɗauki kwalbar yana juya ta. Ya yi ta neman inda zai sa zarginsa a jikinta, bai samu ba. Wanda ya san jirgi na zuwa ba ya wanke kwalba ya kawo. Kunya da baƙin ciki suka taru a kansa, ya rasa wanda ya fi ciwo.

Malamin ya ɗora madubi a ido duk da haka. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya bi bakin rafi har inda ido ya ƙare. Sannan ya buɗe littafin a gwiwarsa, ya yi ɗan gajeren rubutu, ya rufe.

"Me ka rubuta?" in ji Dabo.

"Kwanan wata, da sunan wuri."

"Sai me?"

"Sai na rubuta babu tsuntsu ko ɗaya."

Dabo ya gyaɗa kai. Abin da ya yi mako huɗu yana nema ke nan, ga shi an rubuta. Ya miƙa wa Malamin kwalbarsa, ya tashi ya nufi gindin kanya, ya fara kwance igiyar amya ta farko cikin waɗanda ƙuda suka bari.